Reshen da Bai Kai Nauyi Ba

Da usur aka sauko da ni daga kan tsani. Ina mataki na huɗu, zarto a kafaɗa, igiya a ƙugu. Shekara hamsin da biyu ina hawa bishiya ina rage mata rassa. Iska ba ta taɓa sauko da ni ba. Rina ba ta taɓa ba. Sau biyu na haɗu da maciji a sama, duka biyun shi ya sauka. Sai ga wani mutum da riga mai walƙiya ya hura ɗan ƙarfe, na sauko.

Ya tambaye ni ko na ga lamba. Na ce na gani. An manna wa bishiyar faranti da ƙusa huɗu, lamba ɗari biyu da sha bakwai. Ya ce tunda ta samu lamba ta zama ta hukuma, ba mai taɓa ta sai ma'aikatan Ofishin Kula da Inuwa. Na ce wanda ya buga wa abu mai rai ƙusa huɗu shi ya fara taɓa ta. Ya ce wannan ba taɓawa ba ce, rajista ce. Ya karɓe zarton. Ya jawo benci ya zauna a gindin bishiyar. Tun daga ranar, da safe yake zuwa, sai rana ta faɗi yake tashi. Mai Usur muke ce masa.

Ga abin da ya kai ni sama. Darbejiya ce, tsohuwa, a bakin titi, jikin katangar gidanmu. Tana da reshe guda da ya mutu. Kaurinsa ya kai cinyar ƙato, tsawonsa gaba uku. Ya miƙe ta kan katanga ya tsaya saitin ɗakin Yaya. Yaya yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba ni shekara tara. Ƙafafunta sun ƙi, kunne ɗaya ya tafi, bakin dai yana nan lafiya lau. Gadonta yana ƙarƙashin reshen daidai, na auna. Tsakaninta da shi kwano ne falle ɗaya da silin na kwali. Damina ta matso, kuma iskar farko ita ke karya irin wannan.

Laifina ne da ya kai haka. Na yi ta gyara na mutane, na gida ina cewa gobe. Ba zan sake faɗa ba.

Na ce wa Yaya ta koma ɗakina. Ta ce a wannan ɗaki mijinta ya bar ta, a nan za a zo a ɗauke ta. Na ce to a ja gadon zuwa ɗaya bangon. Ta ce can rediyo ba ya kamawa.

"Auta," ta ce, "shekara hamsin kana cika wa mutane baki kai ne mai bishiya. Sanda guda ta gagare ka?"

Shekarata saba'in da uku. A duk unguwar nan ita kaɗai ke ce mini Auta, kuma ita kaɗai za ta iya.

Za ku ce me ya sa ban faki idon Mai Usur na sare ba. Wannan tambayar wanda bai taɓa hawa ba ce. Ba a hawa bishiya cikin duhu. Ba a sare reshe a kan ɗaki alhali da mutum a ciki. Ranar da aka hura mini usur ma dubawa na hau yi. Kuma aikin na mutum biyu ne, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa riƙe da igiya. Na zagaya layin, kowa yana tsoron a garƙame masa shago. Mai Usur ya ce in yi haƙuri, ranar Alhamis ƙwararru za su zo.

Sun zo, Allah ya saka musu. Mutum goma sha biyu, kowa da hular kwano, da babbar mota, da zarto mai inji. A bayan motar an rataye sikeli irin na awon buhuna. Na ɗauka sun biyo da shi ne daga wani aiki. Ashe shi ne aikin. Manya sun sa gasa tsakanin unguwanni: wadda aka fi sare mata kilo, ita ke da kofi. Na jinjina wa wanda ya kawo wannan tunani. Mutum ba ya samun irinsa a tsaye, sai ya daɗe a zaune.

Ga yadda ake yi, ga mai son sani. Kafin ka taɓa zarto, ka zagaya bishiyar sau biyu kana kallon sama. Ka ga ina waya take, ina rufi yake, ina mutane ke bi. Matacce ake fara cirewa, sai mai ciwo, sai wanda ke gogar ɗan'uwansa. Ɗanye mai lafiya ba a ɗibar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, da ganyen take ci. Reshe mai nauyi kuma yanka uku ake yi masa. Na farko daga ƙasa, kamar taki ɗaya daga jikin bishiya, ka shiga kaɗan ka tsaya. Na biyu daga sama, gaba da na farko kaɗan, har ya rabu. Na ƙasan shi ke hana ɓawo ya yage ya bi gangar jiki. Na uku ka cire guntun da ya rage, amma ka bar ɗan kumburin nan da ke gindin reshe, da shi take rufe ciwonta. Ba wuya. Aji biyu na yi a makaranta, kuma na iya.

Su ƙwararru yanka ɗaya suke yi, daga sama. Reshe ya tafi da ɓawo har ƙasa, kamar ana fiɗa. A jawo, a ɗora a sikeli, a yi kirari. Kafin azahar sun aske duk ɗanyen da ke ɓangaren titi. Wani reshen ya tafi da wayar lantarki. Kwana huɗu layinmu ba wuta, ba wanda ya lura sai a rana ta uku.

Na kama hannun shugabansu na nuna masa mataccen. Ya ɗauki gora ya ƙwanƙwasa, ya saurara.

"Baba, wannan ai iska ce zalla," ya ce. "In na sa yara su hau, mun ɓata awa biyu, sikeli ko motsi ba zai yi ba. Ɗanye muke nema, shi ne mai ruwa."

Suka tafi. A da, waɗancan rassan su ke tare masa iska. Yanzu shi kaɗai ya rage a wannan ɓangaren, a miƙe, yana nuna ɗakin Yaya.

Washegari na sa riga mai kyau na tafi ofishin. Hawa na uku ne. A bakin ƙofa akwai bishiyar roba a cikin tukunya, ita ma da lambarta. Aka kai ni gaban wani mai taushin hannu, wanda aikinsa shi ne ya dubi reshe da ido ya faɗi nauyinsa. Ranka ya daɗe Mai Ƙiyasi. Mutum ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya tambayi iyali. Ya buɗe wani littafi ya karanta mini cewa a wurinsu reshe shi ne abin da ya kai kilo tamanin. Abin da ya gaza haka ƙirare ne. Nawa, bisa rahoton shugaban masu sara, bai wuce sittin ba. Na ce kilo sittin daga sama ya isa ya kashe doki. Ya ce bai musa ba, amma doki ba a ƙarƙashinsu yake ba. Ƙirare kuwa na Ofishin Shara ne, hawa na biyu.

Na sauka hawa na biyu. Can ma mutumin kirki na tarar. Ya ce tabbas ƙirare nasu ne, amma sai yana ƙasa.

"In ya faɗo ka sanar da mu, dattijo. Ba ma wuce kwana uku."

Na ce a kan mutum zai faɗo. Ya ce to wannan kuma wani ofishin ne, hawa na ƙasa, kusa da matakala. Har ya taso ya nuna mini da hannu, kada in ɓata.

Ku lura da tsarin. Daga sama aka fara, ana saukowa hawa-hawa, daidai yadda reshen zai bi. Duk inda ya kai akwai mai jiransa. Wa zai ce ba a yi mana tanadi ba?

Na dawo na zauna a rumfar mai faci, wanda ke daura da gidanmu, na ba da labari. Kuskurena ke nan na biyu. Mai faci mutum ne da ba ya jin matsala ya bar ta yadda ya same ta. Ya ajiye tayar da ke hannunsa ya ce abin ai mai sauƙi ne: kilo ashirin kawai ake nema. Busasshen itace yana shan ruwa. A jiƙa shi ya kai tamanin, ƙwararru su dawo da gudu.

Na ce kada wanda ya kuskura. Ruɓaɓɓen itace in ya sha ruwa nauyi yake ƙarawa, ƙarfi yana raguwa. Ya ce, Baba, kai ka san bishiya, ni na san hukuma. Kafin la'asar ya aro dogon tiyo daga wurin mai wankin mota, ya ɗaura a kan gora, ya fara feshi. Na je zan fizge. Aka hura mini usur. Mai Usur ya ce doka ta hana sara, ba ta hana ban ruwa ba. Hasali ma, wanda ya hana a shayar da bishiyar hukuma shi ne mai laifi. Ya tashi da kansa ya riƙe musu gorar.

Kwana tara suna yi, safe da yamma. Har tsofaffin buhuna suka cilla a kai don ya riƙe laima. Unguwar da aka shekara ana faɗa a kan famfo, sai ga ta ta haɗa kai. Mai shayi ya ba da ruwan wanke kofuna. Matar tela ta ce a nata ganin ya fara kyau. Reshen ya yi baƙi. Na kafa sanda a kan katanga ina dubawa kullum: ya sauko yatsa biyu, ya sauko huɗu. A saman gindinsa tsaga ta buɗe, wadda wuƙa za ta shiga.

Na samo gungume na tokare silin ɗin Yaya, kusa da gadon. Na san ba zai tare komai ba, amma hannuna ya ƙi zama. Ta dube shi, ta ce an gode, ta rataye gyalenta a jiki. Ta ce kuma a gaya wa masu ban ruwa ɗigon yana hana ta jin labarai.

A rana ta goma Mai Ƙiyasi ya zo da kansa. Ya tsaya nesa, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya. Ya ce kilo ɗari da goma. Mai faci ya dube ni, ya gyara wuyan riga. Na ce madalla, yaushe masu sara za su zo?

Ya ce ai an rufe gasa tun Litinin. Wata unguwa ce ta ɗauki kofin, sun aske kasuwa guda. Yanzu an shiga Watan Raya Inuwa, saboda manya sun fito sun ga gari ba inuwa, ransu ya ɓaci, sun ce a binciko wanda ya yi haka. A wannan wata ba a sare duk wani reshe mai rai. Na ce to alhamdu lillahi, wannan matacce ne. Ya ce a'a. Ya nuna mini da biro. Gansakuka ta fito kore shar a jikin reshen, ga kuma naman kaza guda biyar sun jeru a ƙarƙashi.

Na ce gansakuka ko a bangon banɗaki tana fitowa. Na ce naman kaza kuwa gawar itace yake ci, shi ne shaidar an gama. Bai ji ba, yana rubutu. Ya karanta mana abin da ya rubuta: mataccen reshe ya farfaɗo sakamakon haɗin kan jama'a bisa jagorancin ofis, har ya fara 'ya'ya. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a duk garin ba su da abin nunawa sai wannan. Ranar Asabar Mai Girma zai zo ya gani da idonsa.

Mai faci ya ce shi dama ya san za a yi nasara, bai dai san wace iri ba.

Asabar ta zo da iska. Ba mai ƙarfi ba, irin wadda ke zuwa ta duba wuri kafin babbar. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaura lasifika a jikin bishiyar da ƙarin ƙusa biyu. An ɗaura wa reshen jan ƙyalle. Wata jar kujera mai hannu, ta Mai Girma, an ajiye ta a gindin bishiyar, daidai ƙarƙashin tsagar.

Na tsaya ina kallon kujerar. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan daɗe ina kallo. Sannan na je na samu mai tsara zama, wani siriri da waya biyu, na ce masa reshen nan zai iya faɗowa yau. Ya ɗaga kai. Iska ta taɓa, reshen ya yi ƙara. Nan take ya sa aka ja kujerar taki goma. Wata guda ina yawo, shi cikin minti ɗaya ya gane. Na ce to saura wadda ke cikin ɗakin. Ya duba takardarsa ya tambaye ni ko tana cikin manyan baƙi.

Ana haka sai na ji muryar Yaya daga ciki. Ta ji ana gwada lasifika da kunnenta mai kyau. Ta ce ba za a yi taro a ƙofar gidan ubanta tana kwance ba. Ta sa aka ɗauko mata zanenta na ƙasan akwati. Matar tela da wata maƙwabciya suka ɗauko ta a kujera, suka ajiye ta a sahun gaba, can ƙarshen rumfa. Roƙon da na yi wata guda bai fito da ita ba, lasifika ta fito da ita.

Na leƙa ɗakin. Ba kowa. Na shiga nawa na ɗauko ɗaya zarton, don mai sana'a ba ya zama da guda. Na ɗauko igiya biyu da tsani, na jingine a bayan ƙofa. Ban san me zan yi ba tukuna. Na dai san ɗakin ba kowa.

Mai Girma ya iso bayan awa uku. Ƙato ne, mai fara'a, da agogo kamar murfin kwalba. Aka yi jawabai. Mai Ƙiyasi ya ce reshen darasi ne ga matasa. Shugaban masu sara ya ce su suka gano shi, suka ƙi taɓa shi saboda hangen nesa. Mai faci ya yi magana a madadin al'umma, ya ambaci shagonsa sau huɗu. Sannan Mai Girma ya tashi. Ya ce shi ba mai riƙe abin jama'a ba ne. Ya ce yau zai danƙa wannan reshe a hannun dattijon da ya fi kowa sanin bishiya a unguwar. Aka waiga, aka turo ni gaba. Ya miƙo mini takarda a cikin gilashi. An ce an rubuta Uban Reshe.

Na riƙe takardar. Na matsa kusa da abin magana.

"Ranka ya daɗe, reshen nan nawa ne yanzu?"

"Naka ne, Baba."

"In yi masa abin da ya dace?"

"Duk abin da ya dace," ya ce, ya juya wajen masu hoto. "Mun ba ka wuƙa da nama."

Aka tafa. Na dubi Mai Usur. Ya dubi Mai Girma, ya dubi usur ɗin, ya sa shi a aljihu.

Na miƙa wa matar tela takardar. Na fito da kayana. Na ce kowa ya ja baya taki ashirin. Suka ja, sun ɗauka yana cikin tsarin taro. Na kafa tsani na hau, na ɗaure kaina a gangar jikin da igiya ɗaya. Ɗayar na wurga ta kan gwafar da ke sama, ɓangaren titi, don in reshen ya rabu ya lilo waje, ya bar rufin. Na zura masa zarge da gora har tsakiya, na ja ya kama. Na jefa ɗaya bakin igiyar ƙasa. Na ce ina son mutum ɗaya.

Ba wanda ya motsa. Mai faci ya tuna ya bar wuta a shago. Masu sara goma sha biyu suna nan da hulunansu, suna kallon takalmansu. Sai wani mai hoto ya ce ai zai yi kyau a ɗauki Mai Girma riƙe da igiyar. Mai Girma ya ce sosai ma. Ya tako, ya ɗauka da yatsu uku, ya yi murmushi.

Na ce ya cire agogo. Ya ɗaga kai yana dariya. Na ce ba wasa nake ba. Ya cire. Na ce ya zagaya igiyar sau ɗaya a jikin turken lantarkin can, kada ya naɗa ta a hannu, ya buɗe ƙafa, ya tsaya a bayan turken. Ya yi duka. Ina jin an daɗe ba a ba shi umarni ba, abin ya ba shi sha'awa.

Na yi yankan ƙasa. Zarto ya shiga kamar a cikin soso, baƙin ruwa yana bin hannuna. Na koma sama. Ban kai rabi ba ya ba da amsa. Ƙara ɗaya, ya rabu. Ya tsaya a inda na yanka ta ƙasa, bai yage jikin ba. Ya lilo, bakinsa ya share bulo biyu daga kan katanga, ya fito titi yana reto.

Igiyar ta miƙe. Ta ja Mai Girma taki biyu, takalmansa suna karce ƙasa, har ƙirjinsa ya kusa haɗuwa da turken. Hularsa ta faɗi. Mutanensa suka zabura, kuma hanyar da za su bi ta ƙarƙashin reshen ce.

"Kar wanda ya motsa," na ce. "Kai, riƙe."

Ban ce ranka ya daɗe ba. Ba lokaci.

Ya riƙe. Jijiyar wuyansa ta tashi, murmushin ya tafi, amma ya riƙe. Na bari reshen ya daina lilo.

"Saki kaɗan." Ya saki kaɗan. "Tsaya." Ya tsaya. "Ƙara. A hankali. Ƙara."

Reshen ya sauka ya kwanta a gindin bishiyar. Da ya taɓa ƙasa ya rabe biyu da kansa. Cikinsa ba itace, sai laka da gara.

"To, saki duka."

Ya saki.

Mai Ƙiyasi ya dubi lakar, ya dubi Mai Girma, ya fara tafi shi kaɗai. Mai sanarwa ya ɗauki abin magana ya ce jama'a sun shaida yadda Mai Girma ya girbe amfanin farko na shirin da hannunsa. Sai kowa ya tafa. Ni ina sama ina yanka na uku. Na cire guntun, na bar mata kumburin, na shafa da hannu, sumul. Na sauko.

Mai Girma yana tsaye yana kallon tafukan hannunsa. Igiya ta ɗebe fata. Yana kallonsu kamar na wani ne aka ba shi ajiya. Ya matso kusa da ni, ba abin magana, ya tambaya a hankali a kan wa abin zai faɗo da ba a sare ba. Na nuna masa rufin, na nuna masa Yaya. Ya je ya rusuna ya gaishe ta. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Auta, wannan yaron naka sabo ne?"

Na ce sabo ne.

"Yana da ƙarfi," ta ce. "A ba shi ruwa."

Ya sha ruwan. Ya ce za a kafa kwamiti a gano yadda aka yi haka. Mai Ƙiyasi aka ba shugabanci.

A daren ranar aka yi iskar, ta kwashe rumfar taron ta kai ta layi na uku. Da safe na shiga gaida Yaya. Ta ce ta yi barci, sai dai yanzu rana tana shigo mata ta taga tun da wuri, kuma laifina ne. Na ce na karɓa. Na tsaya a ƙofa ina jin tana faɗa. Ban taɓa jin daɗin faɗanta kamar ranar ba.

Mutanen unguwa sun san ni, ba na yabon manya, ba na kuma neman komai a wurinsu. Amma gaskiya ɗaya ce. Mutumin nan ya iya igiya. Ƙafarsa tana da kyau, ba ya firgita, yana jin magana in nauyi ya hau kansa. Shekara saba'in da uku ina kallon irinsu, ban taɓa ganin ɗaya ya riƙe abu, aka ce ya saki, ya saki ba, sai ranar Asabar. In wa'adinsa ya ƙare, in irin nasu yana ƙarewa, ya neme ni. Akwai wata tsamiya a bayan makaranta da ke son mutum biyu.